Gida Biyu Bai Yi Mana Maganin Gobara Ba

A wannan karo ina so mu taɓa wata magana da ake yawan yi a wuraren hira, tun daga Zangon Sokode har tashar motar Dapaong, har ma da garuruwa irin su Nano, amma duk wanda zai faɗe ta sai ya rage murya. Maganar kuwa ita ce, mutane da yawa, musamman matasa da malaman makaranta da 'yan ƙungiyoyin manoma, waɗanda a da su ne kan gaba wajen neman canji, sun gaji da siyasar nan ta ɓangare biyu, wadda in ba ka tare da gidan mulki to tilas kana tare da babban gidan adawa, in kuwa ka ce kana da magana ta uku sai a ce an saye ka.

Hausawa na cewa gida biyu maganin gobara, wato in wuta ta kama ɗaya sai ka kwashe iyalinka ka koma ɗayan. To amma mu a nan Togo mun shafe shekara fiye da 60 muna kai da kawowa tsakanin gida biyu, gobarar kuwa har yau ba ta mutu ba. Saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu, shin gidajen ne ba su da kyau, ko kuwa mu ne ba mu gina namu ba?

Bari mu ɗan waiwaya baya saboda yaran da ba su san mafarin abin ba. Tun kafin samun mulkin kai ƙasar ta rabu biyu. Ga jam'iyyar CUT ta Sylvanus Olympio, ga kuma PTP ta Nicolas Grunitzky tare da ƙawarta UCPN wadda sarakunan arewa suka tsaya wa. Olympio ya ci zaɓen 27 ga Afrilu 1958, sojoji suka kashe shi ranar 13 ga Janairu 1963, sannan Eyadema, wanda yana cikin sojojin da suka yi wannan juyin mulki, ya karɓi ragama a 1967, ya kafa RPT a 1969 ta zama jam'iyya ɗaya tilo. Da mutanen Lome suka yi bore ranar 5 ga Oktoba 1990, aka kuma zauna babban taron ƙasa a 1991, mun ɗauka ƙofofi da yawa ne suka buɗe. Ashe ba haka ba ne. Kafin a je ko'ina siyasa ta sake komawa tsakanin Eyadema da Gilchrist Olympio, ɗan marigayi Sylvanus, mai jam'iyyar UFC. A zaɓen 1998, wanda ministan cikin gida ya bayyana sakamakonsa bayan shugabar hukumar zaɓe ta ajiye aiki, an ba Eyadema kashi 52 cikin 100, Gilchrist kuma kashi 34. Sauran 'yan takara kamar rakiya suka yi.

Illar wannan rabuwa ita ce an mai da ƙuri'a tamkar shaidar asali. In kai mutumin Nano ne ko Mango, an riga an lissafa ka cikin na gwamnati tun ba a tambaye ka ba, saboda kai ɗan arewa ne. In kai mutumin Aneho ne an lissafa ka cikin na adawa. Wanda aka riga aka lissafa kuwa ba a lallashinsa. Gidan mulki bai ga dalilin wahalar da kansa a kan mutanen da ya san ba su da wurin zuwa ba, gidan adawa kuma yana ganin tafiyar kilomita fiye da 600 daga Lome zuwa Dapaong asarar mai ce kawai. Haka yankin Savanes ya zauna shekara da shekaru yana ba da ƙuri'a, yana kuma riƙe da sunan yankin da ya fi kowane talauci a ƙasar. Wa ya tsaya ya yi yaƙin neman zaɓe a kan kuɗin auduga, ko tsadar taki, ko rijiyar da mata ke tafiya mai nisa kafin su kai gare ta? Magana ɗaya ce kullum, wane ya sauka, ko wane ya zauna.

Sai kuma ga abin da ya kashe wa mutane da yawa jiki. Bayan rasuwar Eyadema ranar 5 ga Fabrairu 2005 da hawan ɗansa Faure, an yi zaɓen Afrilu na wannan shekara, wanda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum 400 zuwa 500 suka rasa rayukansu a rikicinsa. Yawancinsu talakawa ne da suka fito saboda sun yarda da gidan adawa. Shekara 5 kacal bayan haka, a watan Mayu 2010, Gilchrist Olympio ya sa hannu a yarjejeniya da RPT, aka ba UFC kujerun minista 7. Gidajen biyu suka shirya tsakaninsu, waɗanda suka binne 'ya'yansu kuwa ba wanda ya nemi shawararsu. Jean-Pierre Fabre ya fice ya kafa ANC a wannan shekara, RPT ta sauya riga ta zama UNIR a 2012, aka sake ja daga. A 2015 Faure ya sami kusan kashi 59, Fabre kashi 35. Sunaye sun canza, amma wasan na nan yadda yake.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hali daga sama ya faɗo. Ruwa ba ya tsami banza, dokokin zaɓe ne suka taimaka wajen gina shi. Tsarin mulkin 1992 ya tanadi zagaye biyu a zaɓen shugaban ƙasa, wanda ke ba mutum damar ya zaɓi wanda ransa ke so a zagayen farko, sannan a na biyu ya zaɓi mai dama-dama. A 2002 aka mai da shi zagaye ɗaya, kuma ba a dawo da na biyu ba sai 2019. A zagaye ɗaya kuwa duk wanda ya tsaya na uku sai a ce ya raba ƙuri'a, don haka kowa ya koma bayan babba ko yana so ko ba ya so. Haka kuma a zaɓen 'yan majalisa, an ce ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'a, amma yawancin mazaɓu kujera 2 ko 3 ne da su. Inda kujera 2 ce kawai, mai zuwa na uku ko ya tara dubban ƙuri'u haka zai koma gida hannu rabbana. Dubi zaɓen Oktoba 2007. RPT ta sami wajen kashi 39, UFC wajen kashi 37, amma kujeru 81 sai aka raba su 50 da 27, CAR ta Yawovi Agboyibo ta tsira da 4, sauran jam'iyyu duka ko ɗaya ba su samu ba.

Bugu da ƙari, siyasar gida biyu ta koya wa 'yan adawa wata ɗabi'a mai tsada, wato ƙaurace wa zaɓe. Tunda abin da ake nema shi ne babbar kujera kaɗai, in an ga ba za a same ta ba sai a yi fushi a bar sauran duka. An ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa na 1999 da na 2002, majalisar da ta fito daga na 2002 ita ce a watan Disamba na wannan shekara ta cire iyakar wa'adi biyu daga tsarin mulki. An sake ƙauracewa ranar 20 ga Disamba 2018, majalisar da ta fito daga nan ita ce a 2024 ta rubuta sabon tsarin mulki wanda ya ɗauke zaɓen shugaban ƙasa daga hannun jama'a baki ɗaya. Sau uku ke nan ana barin kujera babu kowa, sau biyu kuma wanda ya zauna a kanta yana sauya dokar ƙasa. Ƙarshenta a zaɓen 29 ga Afrilu 2024 UNIR ta kwashe kujeru 108 cikin 113. Gida biyun da ake tinƙaho da su, ɗaya ya haɗiye ɗaya.

To, shin an taɓa gwada wata hanya? An gwada, kuma a nan kusa da mu aka gwada. Tikpi Atchadam, ɗan ƙasar Tchaoudjo, ya kafa jam'iyyar PNP a 2014, ya yi shekara 3 yana tarurruka a unguwanni da kuma tsakanin 'yan Togo mazauna waje, ba tare da manyan Lome sun ɗauke shi bakin komai ba. Ranar 19 ga Agusta 2017 jama'a suka fito da jajayen riguna a Sokode da Lome da wasu garuruwa, suna neman a koma tsarin mulkin 1992, a kuma ba mazauna waje damar jefa ƙuri'a. A ranar aka gane cewa taswirar nan ta arewa na gwamnati, kudu na adawa, ƙarya ce. Sokode ta tashi, Bafilo ta tashi, Mango ta tashi, kuma sun biya da tsada, domin an rasa rayuka, har da yara da sojoji, an kama wani limami a Sokode a watan Oktoba gari ya hargitse, mutanen Mango da dama suka tsallaka Ghana gudun hijira.

Amma ina aka kwana? Cikin 'yan makonni PNP ta shiga ƙawancen jam'iyyu 14, magana ta sake zama ta ɓangare biyu, a sauka ko a zauna. Atchadam ya ɓuya, daga baya ya bar ƙasar, ƙawancen ya ƙaurace wa zaɓen 2018, sannan ya watse. Dubban mutanen da suka cika tituna ba su bar ko ɗan majalisa ɗaya da zai tashi ya yi magana da yawunsu ba. Darasin a bayyane yake. Taron jama'a na iya girgiza ƙasa, amma in duk abin ya rataya a wuyan mutum ɗaya da buƙata ɗaya, ranar da aka rasa mutumin sai kowa ya kama gabansa.

A nan ne ya kamata mu Hausawa mu duba tarihin 'yan'uwanmu na Nijeriya, domin sun ga irin wannan ta fuska biyu. A watan Oktoba 1989 Janar Babangida ya ƙi amincewa da ƙungiyoyin siyasa 13 da suka nemi rajista, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa, SDP da NRC, gwamnati ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a kowace ƙaramar hukuma, aka ce kowa ya shiga ɗaya. Aka yi zaɓen 12 ga Yuni 1993 tsakanin Abiola da Bashir Tofa, aka soke shi, Janar Abacha ya zo a watan Nuwamba ya rushe jam'iyyun biyu da sanarwa ɗaya. Yau ba ka jin wanda ke kewarsu, domin ba su da saiwa.

Kwatanta wannan da NEPU, wadda wasu samari suka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba. An ɗaure 'ya'yanta, an yi musu bulala, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Amma tana da magana tata wadda teloli da mahauta da manoma suka gane, wato zaluncin haraji, da aikin tilas, da kotunan da talaka ba ya samun gaskiya, da hana mata ƙuri'a. Ta yi ta maimaita wannan magana a kasuwa da zaure har ta zama ta kowa. Da aka dawo siyasa, magajiyarta PRP ta tsaya a 1979 tsakanin manyan jam'iyyu irin su NPN da UPN, ba ta ci shugaban ƙasa ba, amma ta ci gwamna a Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa kuma suka soke haraji da jangali. Shekara 29 ke nan tsakanin shuka da girbi. Sai dai akwai wani darasi a ciki, domin Balarabe Musa ya hau kujerar gwamna alhali NPN ce ke da rinjaye a majalisar jiha, ta hana shi kwamishinoni, ta kuma tsige shi a 1981. Babbar kujera ba tare da ƙanana ba, rumfa ce babu dirka.

Ko maƙwabtanmu na Ghana, waɗanda NDC da NPP ke karɓa-karɓa tsakaninsu tun 1992, kuma dole mu yarda cewa sun fi mu tunda su ƙuri'a na sauke gwamnati, sun ga ranar ƙaramin ɗan takara. A zaɓen 2020 kowace jam'iyya ta sami kujera 137, sai ga ɗan majalisa ɗaya mai zaman kansa daga mazaɓar Fomena, wanda inda ya karkata nan rinjaye ya koma. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na san akwai masu cewa, Malam, ai Togo ba ta rasa jam'iyyu ba, sun fi 100, wasunsu ma an kafa su ne don a raba kan jama'a. Gaskiya ne. Za su kuma tuna mana 1994, lokacin da CAR ta ci kujera 36, UTD ta Edem Kodjo ta ci 7, su biyu suka sami rinjaye a majalisa mai kujera 81, amma Eyadema ya ɗauki shugaban ƙaramar ya naɗa shi firayim minista, ƙawancen ya tarwatse. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai abin da ya faru a 1994 ciniki ne tsakanin manya, wanda babu wata ƙungiya a ƙasa da za ta iya tsawatar musu. Jam'iyyar da ba ta da kowa sai shugabanta da jakarsa, kujerar minista ɗaya ta ishe ta. Wadda manoma dubu suka tara mata kuɗi kuwa, kafin shugabanta ya sayar da ita sai ya tuna zai dawo gari ya haɗa ido da su. Yawan sunaye a takardar ƙuri'a ba shi ne zaɓi ba.

Wasu kuma za su ce filin wasan a karkace yake, 'yan adawa sun yi kukan maguɗi a 2024, ana hana taro, a nan Savanes kuma tun watan Yuni 2022 aka sa dokar ta-ɓaci bayan harin da aka kai Kpekpakandi a watan Mayu wanda ya ci sojoji 8. Duk wannan ba a musunsa. Amma mun riga mun ga abin da zama a gida ya haifar har sau biyu. Kuma ko a 2024 ɗin, cikin kujeru 5 da suka kuɓuce wa UNIR, 2 na ADDI ne, jam'iyyar Farfesa Aime Gogue, ɗan wannan yanki namu, wadda ba a taɓa lissafa ta cikin manya ba, alhali ANC guda ɗaya ta samu. Wanda ya zauna kusa da mutanensa ya fi mai babban suna tsira.

Yanzu kuma doka ta sauya wurin da ƙarfi yake. A sabon tsari, wanda ya kai Faure Gnassingbe ga muƙamin Shugaban Majalisar Ministoci ranar 3 ga Mayu 2025, jagoran jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisa shi ke riƙe da mulki. Ko mutum na son wannan tsari ko ba ya so, ma'anarsa ita ce kowace kujerar majalisa ta zama abin kokawa. Ƙasa da wannan akwai ƙananan hukumomi 117, waɗanda aka fara zaɓen kansilolinsu ranar 30 ga Yuni 2019 bayan an shekara 32 ba a yi ba, aka sake yi a watan Yuli 2025. Kansilolin nan su ke zaɓen magajin gari, su ke duba kuɗin da ake karɓa a kasuwa da tasha, kuma su ne tare da kansilolin yanki suka zaɓi sanatoci 41 a watan Fabrairu 2025. Doka kuma ta yarda 'yan takara masu zaman kansu su haɗa jerin sunaye su tsaya.

Saboda haka shawarata ga masu cewa sun gaji ita ce, gajiya kaɗai ba ta gina komai. Muna da ƙungiyoyin manoman auduga, da na mata masu adashi, da na mahauta, da direbobi, da 'yan zemijan, da iyayen yara 'yan makaranta. Su zauna a kowace ƙaramar hukuma su rubuta buƙatu 4 ko 5 da kowa zai iya haddacewa: taki ya iso kafin ruwa ya sauka, a riƙa karanta wa jama'a lissafin kuɗin kasuwa, a shata burtali tun kafin manomi da makiyayi su zubar da jini, a sauƙaƙa wa 'ya'yan zango samun takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, a kula da waɗanda rikici ya koro daga Kpendjal. Duk ɗan takarar da ya zo, ko na wace jam'iyya ne, a shimfiɗa masa su a gaban jama'a. In babu mai ɗauka, su tsayar da nasu, su tara masa kuɗi da kansu, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Su kuma koya wa matasa tsayuwa a rumfar zaɓe har a gama ƙirga a ba su takardar sakamako a hannu. Sannan su dage da neman a faɗaɗa mazaɓu, yadda mai kashi 10 cikin 100 zai sami rabonsa.

Wannan aiki ne na shekaru, tunda wa'adin majalisar da aka zaɓa a 2024 shekara 6 ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen da suka gina rumbunan nan na cikin kogunan Nok, a jikin dutsen da ke kusa da Nano, ba ranar da mahara suka iso suka fara kwaɓa ƙasa ba. Sun hau dutsen, suka gina, suka zuba hatsi, shi ya sa da tsanani ya zo suka sami wurin fakewa wanda yake nasu na kansu.

Filin nan a buɗe yake ga duk mai ra'ayi, musamman wanda bai yarda da ni ba. Ku aiko da wasiƙunku ta hannun edita, za mu buga su yadda suke in dai babu zagi.